Yadda Birtaniya ke ƙoƙarin jawo matasa ga aikin lambu

Kusan shekaru 20 ke nan ƙungiyoyi da kamfanonin da ke harkar lambu a Birtaniya suna faɗi-tashin shawo kan yara da matasa su rungumi aikin shuke-shuke, ko dai don sha'awa ko kuma a matsayin sana'ar da za su dogara da ita.

A tsawon wannan lokaci sun shiga makarantu, sun buɗe kasuwa a intanet, sun kuma sauya fasalin manyan bukukuwansu na baje kolin furanni, duk da nufin kawar da kallon da ake yi wa lambu na cewa aikin tsofaffi ne da 'yan fansho.

An sami nasara wajen sa matasa sayen tsirrai. To amma rashin filin da za a yi shuka da kuma ƙarancin albashi a wannan fanni sun kasance matsaloli biyu da talla ya kasa magancewa.

Matsayin lambu a Birtaniya

A ƙasar Hausa idan aka ce lambu, abin da ke zuwa a zuciya shi ne noman rani a fadama, inda ake shuka tumatir da albasa da tattasai don a kai kasuwa. A Birtaniya kuwa, lambu a wurin akasarin jama'a shi ne ɗan filin da ke gaba ko bayan gida, wanda ake ƙawata shi da ciyawa da furanni, a wasu lokutan kuma a ware kusurwa guda don dankali ko wake ko ganyen salak.

Sai dai a bayan wannan sha'awa akwai babbar kasuwa. Akwai wuraren renon tsirrai, da manyan kantunan sayar da shuke-shuke da taki da kayan aiki, da masu zana fasalin lambu, da masu kula da itatuwa da wuraren shaƙatawa na birane, ga kuma manoman da ke samar da kayan miya da kayan marmari a gonaki da ɗakunan gilashi.

Wani nazari da cibiyar Oxford Economics ta gudanar ya ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 ɓangaren shuke-shuken ado da gyaran filaye kawai ya samar wa tattalin arzikin ƙasar fam biliyan 28.8, tare da ayyukan yi kimanin 674,000.

Ƙungiyar da ke kan gaba a wannan fanni ita ce RHS, wato ƙungiyar masu aikin lambu ta masarautar Birtaniya. An kafa ta ne a watan Maris na 1804 a wani kantin littattafai da ke titin Piccadilly a Landan, kuma cikin waɗanda suka assasa ta har da John Wedgwood da masanin tsirran nan Sir Joseph Banks. A yau tana da mambobi fiye da rabin miliyan da manyan lambuna 5, kuma ita ce ke shirya bikin baje kolin furanni na Chelsea.

Ba yau aka fara ba

Yekuwa mafi girma da aka taɓa yi a ƙasar kan aikin lambu ita ce ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kafin yaƙin, Birtaniya na shigo da fiye da rabin abincinta ne ta teku, saboda haka da jiragen ruwan yaƙin Jamus suka fara nutsar da jiragen dakon kaya, sai gwamnati ta yi kira ga kowa da kowa ya ɗauki shebur ya noma abin da zai ci.

An mayar da filayen wasa da wuraren shaƙatawa gonakin kayan miya, har ma da ganuwar da ke kewaye da Hasumiyar Landan. Ma'aikatar abinci kuma ta ƙirƙiro wasu zane-zanen barkwanci na karas da dankali masu siffar mutane, don jan hankalin yara.

A cikin shekarun yaƙin, yawan ƙananan filayen lambu da ake bai wa talakawa haya, waɗanda suka yi kama da gayauna, ya kai kimanin miliyan 1.4.

Abin da ya sa wannan yekuwa ta karɓu shi ne an haɗa kira da fili, ga kuma tsoron yunwa. Bayan yaƙin, da abinci ya wadata a kantuna, sai sha'awar ta ja baya, aka kuma gina gidaje da hanyoyi a kan da yawa daga cikin filayen.

Abin da ya tayar da hankali

A shekara ta 2013 ne RHS da wasu ƙungiyoyin wannan fanni suka miƙa wa gwamnati wani rahoto da ya bayyana girman matsalar.

Rahoton ya ce fiye da kashi 70 cikin ɗari na kamfanonin lambu ba sa samun ƙwararrun da za su cike guraben aikin da suke da su, yayin da kusan kashi 20 cikin ɗari ke neman ma'aikata daga ƙasashen waje. Kazalika kashi 70 cikin ɗari na 'yan shekara 18 da aka tambaya na ganin aikin lambu ya dace ne kawai da wanda karatu ya gagare shi, sannan kusan rabin 'yan ƙasa da shekara 25 ba su ɗauke shi aikin da ke buƙatar ƙwarewa ba.

A wannan shekarar dai, gidauniyar kula da abinci mai gina jiki ta Birtaniya ta yi wa yara fiye da 27,000 tambayoyi, inda ta gano cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na 'yan firamare na zaton daga tsiro ake samun cuku, kuma ɗaya cikin 10 na 'yan sakandare na zaton a ƙarƙashin ƙasa tumatir ke yin 'ya'ya.

Tun a ƙarshen shekarun 1990 wasu malaman kimiyya biyu na Amurka, James Wandersee da Elisabeth Schussler, suka laƙaba wa wannan hali sunan makantar tsirrai, wato mutum ya riƙa wuce bishiyoyi da ciyayi kullum ba tare da ya lura da su ko ya san amfaninsu ba.

Lamarin ya shafi abinci kai tsaye. Birtaniya na noma ɗan abin da ya haura rabin kayan lambun da take ci ne kawai, da kuma ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na kayan marmari. A watan Fabrairu na 2023, bayan da rashin kyawun yanayi ya rage amfanin gona a Sifaniya da Maroko, sai da wasu manyan kantuna suka ƙayyade yawan tumatir da tattasai da kokwamba da mutum ɗaya zai iya saya.

Farawa daga makaranta

Hausawa kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a kan irin wannan tunani ne RHS ta ƙaddamar da shirinta na lambu a makarantu a shekara ta 2007.

Makarantar da ta yi rajista kan sami irin shuka da darussa da horo ga malamai, tana kuma iya neman lambar yabo mai matakai 5, daga mai 'yan tukwane a bakin taga har zuwa wadda lambunta ke amfanar unguwa. Dubban makarantu ne suka shiga shirin.

Daga watan Satumba na 2014 kuma manhajar karatu ta Ingila ta wajabta koyar da girki da sanin abinci mai gina jiki har zuwa shekara 14, ciki har da fahimtar inda abinci ke fitowa da lokacin da kowane amfani ke nuna.

Dabarar da ta fi jan hankali ita ce ta haɗa lambu da sararin samaniya. A watan Satumba na 2015 an aika da kilo 2 na irin wani ganyen salak da ake kira roket zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda ɗan sama jannatin Birtaniya Tim Peake ya je ya tarar da shi. Bayan kimanin watanni 6 aka dawo da irin, aka rarraba wa makarantu da ƙungiyoyi fiye da 8,000.

Kowace makaranta ta sami ƙunshi biyu, ja da shuɗi, ɗaya na irin da ya je sama, ɗayan kuma na wanda bai bar duniya ba, ba tare da an gaya wa yaran wanne ne wanne ba. Yara kimanin 600,000 ne suka shuka, suka riƙa aunawa suna rubutawa, kuma sakamakon ya nuna cewa irin da ya je sama ya ɗan yi jinkirin girma. Manufar shirin ita ce a nuna wa yara cewa aikin lambu kimiyya ne.

A watan Oktoba na 2023 ma'aikatar ilimi ta ƙaddamar da wani sabon shiri a ƙarƙashin jagorancin gidan adana tarihin halittu na Landan tare da RHS, wanda ke sa ɗalibai su auna harabar makarantarsu, su kuma mayar da wuraren da aka shafe da siminti wuraren shuka.

Sai dai tarihi ya nuna cewa sha'awar yara ba ta cika ɗorewa ba idan babu babba a kusa. A birnin Leipzig na Jamus, wani shugaban makaranta mai suna Ernst Hauschild ya kafa wata ƙungiya a 1864 da sunan marigayi likita Moritz Schreber, don samar wa yara filin wasa. Daga baya aka yi wa yaran ƙananan kunyoyi a gefen filin don su koyi shuka, amma ba a daɗe ba suka yi watsi da su, iyayensu suka karɓe. Daga nan ne ƙananan lambunan haya na Jamus suka samo sunan da ake kiransu da shi har yau.

Lambunan makarantun Birtaniya ma na fuskantar makamanciyar wannan matsala, domin dogon hutun makonni 6 na faɗowa ne a watannin Yuli da Agusta, daidai lokacin da shuka ta fi buƙatar ban ruwa kuma amfani ke nuna.

Tukunya a maimakon fili

Ga waɗanda suka gama makaranta kuwa, batun gida ne ya sauya kasuwar. A da, ɗan Birtaniya kan fara aikin lambu ne a lokacin da ya sayi gidansa na farko. To amma alƙaluman gwamnati sun nuna cewa yawan 'yan shekara 25 zuwa 34 da suka mallaki gida a Ingila ya faɗo daga kashi 59 cikin ɗari a 2003 zuwa kashi 36 cikin ɗari bayan shekaru 10.

Ɗan hayar da yarjejeniyarsa a wancan lokaci yawanci ta wata 6 ce ko shekara guda, ba shi da dalilin dasa bishiyar da sai bayan shekaru za ta yi 'ya'ya. Abin da zai iya saya shi ne tsiron da ke cikin tukunya, wanda zai ɗauka ya tafi da shi ranar da zai tashi.

Sababbin kamfanoni sun gane haka. Kamfanin Patch, wanda aka kafa a Landan a tsakiyar shekarun 2010, ya riƙa sayar da tsirran cikin ɗaki ta intanet yana kai wa mutane har gida. A maimakon dogayen sunayen Latin da ke firgita sabon shiga, sai ya raɗa wa tsirran sunayen mutane, ya kuma rarraba su bisa ga hasken da ɗaki ke samu da kuma juriyarsu idan aka manta ba a ba su ruwa ba.

Shafukan Instagram da YouTube, daga baya kuma TikTok, sun yi aikin da mujallu da talabijin suka yi wa iyayensu. Matasa suka shiga ɗora hotunan ɗakunansu cike da ganyaye, wasu ma suna kiran kansu iyayen tsirrai.

Yayin ya kai ga tsadar da ta wuce hankali a ƙasashe da dama. A watan Yuni na 2021 an sayar da wani ɗan tsiro mai dabbare-dabbaren fari da kore a kan dala 27,100 ta ƙasar New Zealand a wani gwanjo na intanet. Farashin irin waɗannan tsirrai ya faɗi warwas bayan da masu reno suka fara hayayyafa su da yawa a ɗakunan gwaje-gwaje.

Ba duk abin da aka faɗa a tallan ne ya tabbata ba. An sha cewa tsirran ɗaki na tsabtace iska, ana kafa hujja da wani gwaji da hukumar NASA ta Amurka ta yi a 1989 a cikin rufaffun akwatuna. Amma a 2019 masu bincike a jami'ar Drexel sun ƙiyasta cewa sai an jera tsirrai 10 zuwa 1,000 a kowane murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska ta yau da kullum ke yi a gida ko ofis.

Lokacin annobar korona

Abin da talla ya daɗe yana nema, kullen annobar korona ya kawo shi cikin 'yan makonni. An rufe ƙasar a ranar 23 ga watan Maris na 2020, daidai farkon lokacin shuka, aka kuma rufe kantunan sayar da tsirrai har zuwa tsakiyar watan Mayu.

Masu reno sun yi asarar ɗimbin tsirran da suka rasa inda za su sayar, yayin da kamfanonin sayar da iri ta intanet suka rasa yadda za su yi da yawan masu saye, har wasu suka dakatar da karɓar oda na wani lokaci.

Ƙungiyar 'yan kasuwar kayan lambu ta HTA ta ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 3 ne suka fara aikin lambu a wannan shekara, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 45 ba. Shirin talabijin na Gardeners' World, wanda ake nunawa tun 1968, ya fara saka hotunan bidiyo da masu kallo ke aikowa daga barandarsu da tagoginsu.

Da aka koma bakin aiki, tsadar rayuwa kuma ta biyo baya a 2022, sai kasuwar ta lafa. Kamfanin Dobbies, ɗaya daga cikin mafiya girma a wannan harka, ya buɗe ƙananan shaguna a cikin birane tun daga 2020 don kusantar matasan da ba su da mota, amma a 2024 ya ba da sanarwar rufe dukkan guda 6 da ke akwai, tare da wasu manyan rassansa.

Chelsea ta sauya kama

Bikin baje kolin furanni na Chelsea, unguwar da masu sha'awar ƙwallon ƙafa suka san sunanta, ana yin sa ne tun 1913 a harabar gidan kula da tsofaffin sojoji da ke yammacin Landan. Yakan ɗauki kwanaki 5 a watan Mayu, kuma mutane fiye da 140,000 ne ke halarta, ciki har da 'yan gidan sarauta.

An daɗe ana yi wa bikin kallon taron masu hannu da shuni. Tikitin wasu ranakun kan haura fam 100, kuma bisa al'ada ba a shiga da yara 'yan ƙasa da shekara 5.

A 2021, shekarar da annoba ta sa aka ɗage bikin zuwa watan Satumba, an ɓullo da sababbin rukunoni na lambun baranda da lambun tukwane da kuma na tsirran cikin ɗaki. A 2023 an gayyaci 'yan firamare liyafa ta musamman wadda Gimbiyar Wales ta halarta, sannan a 2024 ɗaliban wata firamare ta unguwar Fulham suka tsara nasu lambun tare da wani ƙwararre, suka kuma sa masa dokar cewa ba a yarda manya su shiga ba sai da sharaɗi.

RHS ta kuma matsa kusa da biranen arewacin Ingila. A watan Mayu na 2021 ta buɗe lambunta na biyar a Salford, kusa da Manchester, inda ta ware ranar Talata don mazauna garin su shiga kyauta. A watan Afrilu na 2024 kuma ta shirya wani biki na lambun birni a cikin wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchester.

Lafiya da muhalli

Saƙon da ake aikawa shi ma ya sauya. Iyaye da kakanni an tallata musu lambu ne da kyan gani da tsabta, da gasar wanda ciyawarsa ta fi ta maƙwabci kyau. Matasa kuwa an fi yi musu magana ne kan kwanciyar hankali da sauyin yanayi.

A 2016 cibiyar nazarin harkokin lafiya ta King's Fund ta fitar da rahoto kan amfanin lambu ga lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa. A 2021 kuma gwamnati ta fara gwaji a yankuna 7 na Ingila, inda ma'aikatan lafiya ke tura masu fama da damuwa ko kaɗaici zuwa lambunan unguwa da makamantansu.

Ta fuskar muhalli, ƙungiyar Plantlife ta fara wata yekuwa a 2019 ta kira ga jama'a su daina yanke ciyawa a watan Mayu, don furannin daji su fito ƙudan zuma su sami abinci. A 2022 RHS ta daina lissafa dodon koɗi da danginsa cikin ƙwarin da ya kamata a kashe, bayan shekaru masu yawa suna kan gaba a jerin abubuwan da masu lambu ke kuka da su.

Matsalar fili

Duk da haka, wanda aka sa wa sha'awa sai ya sami inda zai shuka. Ofishin ƙididdiga na ƙasa ya ce a 2020 gida ɗaya cikin 8 a Birtaniya ba shi da lambu, ko nasa na kansa ko na tarayya, kuma a Landan adadin ya kai kashi 21 cikin ɗari.

Bambancin ya fi fitowa fili tsakanin jinsuna. A Ingila kashi 37 cikin ɗari na baƙar fata ba su da wani fili ko baranda a gida, idan aka kwatanta da kashi 10 cikin ɗari na farar fata.

Bisa wata doka ta 1908, wajibi ne ƙananan hukumomi a akasarin sassan Ingila da Wales su samar da filayen lambu na haya idan jama'a suka nema, kuma mutum 6 sun isa su gabatar da buƙatar. Girman fili guda bisa al'ada murabba'in mita 250 ne. To sai dai dokar ba ta sa wa'adi ba.

Wani nazari na jami'ar Sheffield da aka wallafa a 2020 ya gano cewa a biranen da aka bincika, faɗin irin waɗannan filaye ya ragu da kashi 65 cikin ɗari tun daga tsakiyar ƙarni na 20, kuma unguwannin talakawa ne suka fi yin asara. A 2023 wani bincike da ƙungiyar Greenpeace ta ɗauki nauyinsa ya gano takardun neman fili fiye da 170,000 na jiran amsa, inda matsakaicin jira ya kai shekaru 3, a unguwar Islington ta Landan kuwa har shekaru 15.

Wasu matasan ba su tsaya jira ba. Bayan gobarar benen Grenfell a watan Yuni na 2017, wadda ta hallaka mutane 72, wani matashi ɗan unguwar, Tayshan Hayden-Smith, ya fara shuka a wani kangon fili tare da maƙwabtansa. Daga baya ya kafa ƙungiyar Grow2Know, wadda a 2023 ta kai wani ɗan ƙaramin lambu mai murabba'in mita 4.2 bikin Chelsea, don nuna ƙarancin wuraren shuka a unguwannin talakawa da ke cikin ƙaramar hukuma ɗaya da wurin bikin.

Daga sha'awa zuwa sana'a

Inda talla ya fi gazawa shi ne wajen samar da ma'aikata. Gonakin kayan lambu da na marmari na buƙatar 'yan ƙwadago kimanin 70,000 a kowace kaka, kuma kafin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai kusan dukkansu daga gabashin Turai suke zuwa, musamman Romaniya da Bulgeriya.

A watan Afrilu na 2020, da annoba ta hana tafiye-tafiye, gwamnati ta ƙaddamar da yekuwar kira ga ɗalibai da waɗanda aka dakatar daga aiki su fita tsinkar amfanin gona. Yarima Charles, wanda yanzu shi ne sarki, ya mara wa kiran baya, aka kuma yi ta tuna wa jama'a zamanin yaƙi.

Mutane da yawa sun nuna sha'awa, amma kaɗan ne suka kama aikin, waɗanda suka daɗe a ciki kuwa ba su taka kara sun karya ba. Gonakin na nesa da gari, aikin na farawa tun da asuba, ana kwana a ɗakunan wucin gadi, albashin kuma bai wuce mafi ƙanƙanta da doka ta yanke ba sai ga mai saurin hannu. An dakatar da shirin a 2021.

A maimakon haka sai aka faɗaɗa bizar 'yan ci-rani ta watanni 6, daga 2,500 a 2019 zuwa 45,000 a 2023. Da farko akasarin masu zuwa 'yan Yukiren ne, amma bayan ɓarkewar yaƙi a 2022 sai aka koma ɗauko su daga ƙasashen tsakiyar Asiya irin su Kirgistan da Tajikistan da Uzbekistan.

A ɓangaren ƙwararru, hanyoyin horo na nan. Lambun Kew da ke Landan na ba da difloma ta shekaru 3 tun 1963, akwai tsarin koyon sana'a a bakin aiki, kuma a watan Satumba na 2023 an fara wani sabon kwas na shekaru 2 kan noma da kula da ƙasa ga waɗanda suka kai shekara 16. A 2020 wasu matasan ma'aikata sun kafa ƙungiyarsu ta 'yan ƙasa da shekara 35.

Amma a watan Nuwamba na 2023, shekaru 10 bayan rahoton farko, wani kwamitin majalisar dattawan Birtaniya da ya binciki wannan fanni ya sake bayyana ƙarancin ma'aikata da na ƙwararru a matsayin ɗaya daga cikin manyan matsalolinsa, ya kuma yi kira da a ba aikin lambu gurbi mai ƙarfi a makarantu da wajen ba ɗalibai shawara kan sana'a.

Bisa ga dukkan alamu dai, shirye-shiryen da suka yi tasiri su ne waɗanda suka dace da halin da matasan ke ciki, wato tsiron da zai rayu a ɗakin haya, da lambun makaranta mai malamin da ke kula da shi, da filin unguwa da ake iya zuwa a ƙafa. Sauran batutuwan, na gidaje da filayen haya da albashi, suna hannun gwamnati da ƙananan hukumomi da masu ɗaukar ma'aikata, kuma a kansu ne ƙungiyoyin lambu ke ci gaba da matsa lamba.